Uban da Ba a Zana Ba

Akwai wani mutum da ya yi suna a duniyar fina-finai ba tare da an taɓa ganin fuskarsa ko an ji muryarsa ba. Ba a raɗa masa suna ba, ba a furta kalma ɗaya a kansa ba, amma tun shekarar 1995 ake tafka gardama game da shi. Wannan mutum kuwa shi ne mahaifin Andy, yaron nan mai tarin kayan wasa na cikin fim ɗin Toy Story.

Ga mai karatun da bai taɓa kallo ba, kamfanonin Pixar da Disney na ƙasar Amurka ne suka fitar da fim ɗin a watan Nuwamba na 1995, John Lasseter ya ba da umarni, kuma shi ne dogon fim na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta. Labarin bai da wuya. Kayan wasan yara suna da rai, da zarar mutane sun ba da baya sai su miƙe su shiga harkokinsu. Woody, wani kaboyi na tsumma, shi ne ɗan lelen Andy, har ranar da aka kawo wa yaron sabon abin wasa, Buzz ɗan sama-jannati, mai fukafukai da ƙyalƙyali, sai kishi ya tashi. Duk wanda ya girma a gidan mata biyu ba ya bukatar tafinta a nan, domin ya san labarin uwargida da amarya tun yana goye.

To, a gidan akwai uwa, akwai Andy, akwai ƙanwarsa Molly, jaririya. Uwa ce ke shirya bikin zagayowar haihuwa, ita ke tuƙa mota, ita ke ɗaure kaya za a ƙaura zuwa wani gida. Aka yi kashi na biyu a 1999, aka yi na uku a 2010, inda yaron ya kai shekara 17 zai tafi jami'a, uwar ta tsaya tana duban ɗakinsa da ya zama wayam. Uba dai shiru. Hatta Sid, fitinannen yaron maƙwabta mai karya kayan wasa, an nuno mahaifinsa yana sharar barci a kujera gaban tele. Na Andy ko inuwarsa babu.

Masu kallo a Amurka suka rabu gida biyu, wasu suka ce rabuwar aure ce, wasu suka ce mutuwa ce. Aka shiga tsince-tsincen hujja kamar masu bin sawun ɓarawon akuya. Wannan ya ce babu zoben aure a yatsan matar. Wancan ya ce tun da akwai jaririya, mutumin bai daɗe da barin gida ba. Wani ya tuno cewa a kashi na biyu uwar ta hana a sayar da Woody, ta ce tsohon kayan gidansu ne, kuma fim ɗin ya nuna cewa irinsa a shekarun 1950 aka yi su, saboda haka gadon uba ne. Abin ya kai ƙololuwa a watan Yuni na 2017, lokacin da wani masanin kayan wasa, Mike Mozart, ya fito ya ce marigayi Joe Ranft, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara labarin, ya taɓa ba shi sirrin. A faɗarsa, uban shi ma Andy ne sunansa, cutar shan-inna ta kama shi yana yaro, aka ƙone kayan wasansa don gudun yaɗuwar ciwo, ya ɓoye Woody da wasu biyu, daga baya cutar ta dawo masa da girma ta kashe shi. Ranft ya rasu tun 2005 a hatsarin mota, ba shi da bakin gaskatawa ko musantawa. Andrew Stanton, wanda da shi aka rubuta fim ɗin, ya fito ya ce ƙarya ce tsagwaronta, yana wurin aka yi komai.

Da na ji wannan labari na shan-inna sai da jikina ya yi sanyi, duk da an ƙaryata shi. Mu mutanen Arewa sunan cutar kansa labari ne, domin kakanninmu sun ce Inna ce, wato Doguwa, ke shanye ƙafar yaro. A kowace unguwa ta Dogon Dutsi akwai wanda ya girma yana jan ƙafa, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka ayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Wanda ya ƙago wannan labari, ko wane ne, ya iya zaɓen ƙarya mai shiga rai.

Dalilin gaskiya kuwa ba shi da daɗin ji ko kaɗan, don magana ce ta kuɗi da wahala. A wancan zamani kwamfuta ta iya zana roba da katako, amma fatar mutum da gashi da lanƙwasar tufafi sun gagare ta, shi ya sa ma aka zaɓi labarin kayan wasa tun farko. Fim ɗin ya ƙunshi hotuna fiye da 114,000, wani hoton guda yakan ci sa'o'i kafin na'ura ta kammala shi. Kowane ɗan Adam da aka ƙara, ƙarin aiki ne mai yawa. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa yaran da suka zo bikin Andy duk fuskarsa aka ara musu. Labarin bai bukaci uba ba, sai aka bar shi. Wato dai talaucin na'ura ne ya mai da yaron maraya.

Ni a ganina wannan amsa, ko da yake gaskiya ce, ba ta raba gardama ba, kuma ba za ta raba ba. Mai zane ya san abin da ya sa bai zana ba, amma gurbin da ya bari ba nasa ba ne kuma, ya zama na mai kallo, kowa da abin da yake zubawa ciki. Mu ma muna da namu gurbin, wanda ya fi na Andy nauyi nesa ba kusa ba. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a arewa maso gabashin Dutsi. Aka gwabza, aka ƙone garin, Sarauniya da jama'arta suka shige daji. Takardun sojan sun ambace ta a ƴan layuka kaɗan, suka wuce gaba zuwa Birnin Ƙonni inda suka yi kisan da har yau ake jimami. Sai baki ya karɓi aikin, wasu suka ce rikiɗa ta yi ta zama damisa. Abdoulaye Mamani ya cike gurbin da littafinsa na 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan Sarauniya ta zama matashiya mai kwari da baka, mai jawabi a gaban mayaƙa. Ba na ƙin wannan siffa, ta ba ƴaƴanmu mata abin alfahari. Sai dai a al'adar Lugu, Sarauniya mace ce mai zaman ɗaka, mai fararen tufafi, mai kaɗin auduga, wadda ƙarfinta na tsafi ne da kiyaye ƙasa. Ɗan lakwal da ya taso da hoton fim, idan aka kwatanta masa wannan, sai ya ga kamar an rage masa wani abu. Cikon ya danne asalin. Shi ya sa nake ganin Stanton ya yi wa masu kallo alheri da ya rushe labarin shan-inna bai kafa wani a madadinsa ba. Kamfanin ya gwada cike wani gurbin: Bo Peep, ƴar tsanar tangaran da Woody ke so, ta ɓace a kashi na uku, aka yi shekara tara ana hasashe, sai a 2019 aka buɗe kashi na huɗu da daren ruwan sama da aka sa ta a kwali aka bayar. Tun daga ranar babu wanda ya sake tambayar inda ta shiga.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu kuwa a gida ya faru. Wata ƙanwata tana aure a wani ƙauye na yankin Tibiri, kusa da Kore Mairuwa, tana da ɗa namiji, a lokacin shekararsa tara. An kawo shi wurina Dutsi don karatu. Wata rana da dare na tarar da shi da ƴaƴana sun haɗa kai a kan waya guda suna kallon wannan fim da Faransanci, rabinsu ba sa jin abin da ake faɗa, hoto kawai suke bi. Da aka gama na jefa musu tambayar da manya a Amurka suka shekara ashirin suna yi, na ce ina baban yaron nan? Ɗan ƙanwata ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, “Kawu, ai ya tafi biɗa. Shi ya aiko masa da kaboyin.”

Babu saki a amsarsa, babu mutuwa. Abin da ya ɗaure wa Amurkawa kai, shi bai ga abin tambaya a ciki ba, domin haka gidaje suke a inda ya fito. Da an cire amfanin gona, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai maza su kama hanya, wasu Kamba da Birnin Kabi da Sakkwato, wasu Legas da Kwatano da Abijan, masu ƙarfin hali su bi ta Agadas zuwa Libiya, ko wuraren haƙar zinariya irin na Jado da aka gano a 2014. Ƙauye ya rage daga tsofaffi sai mata da yara. Uba a wurin irin wannan yaro murya ce a waya, da kuɗin da ake zuwa karɓa a gari, da tsarabar da ke zuwa gabanin damina. Har ma ya tuna mini fim ɗin marigayi Moustapha Alassane na 1966, Le Retour d'un aventurier, inda matafiyi ya dawo ƙauyensu da akwati cike da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa. A ƙasar nan tun tuni kaboyi tsarabar matafiyi ne.

Na kai maganar wata fada ta samari da ke ƙofar gidanmu, inda ake dafa shayi har tsakar dare. Kafin a sauke ruwa na biyu an ba mutumin tarihi kala uku. Ɗaya ya ce ya yi sabon aure a can ya manta da gida. Ɗaya ya ce yana tsare a kurkuku ba shi da takardu. Na ukun ya ce kunya ce ta hana shi dawowa, don bai samo komai ba, kuma namiji ya gwammace a ce ya ɓace da a ce ya dawo hannu rabbana. Suna ta dariya, ni kuwa na kasa, domin waɗannan zantuka uku su ne daidai abin da danginmu suka yi shekaru suna juyawa a kan mahaifin yaron da ke barci a ɗakina.

Mijin ƙanwata ya tafi Libiya yaron yana da shekara huɗu. Shekarar farko yana kira, yana aike. Daga nan layin ya daina shiga. Wani da ya dawo ya ce ya gan shi a Sabha yana aikin gini. Wani ya ce a'a, ya ji an ce ya nufi bakin teku. Uwarsa ta je wurin malami, ta je wurin mai duba, kowa ya ce yana raye, don babu mai karɓar kuɗin tsohuwa ya gaya mata ɗanta ya mutu. Kowane labari muna karɓarsa, mu juya shi, mu nemo masa hujja, kamar masu lissafin zoben da babu a yatsan uwar Andy. Bambancin kawai shi ne su idan sun gaji sai su kashe tele su kwanta, ita kuwa ƙanwata tana nan, ba matar aure ba, ba bazawara ba, tana noma gamana tana ciyar da kanta.

Malaman Malikiyya sun san cewa hasashe irin wannan ba a barinsa ba iyaka. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an yanka wa matar wanda ya ɓace wa'adin shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka bincika ba a samu labarinsa ba, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, sai aure ya halatta gare ta. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Wato shari'a ta saki matar, amma ba ta yanke cewa mutumin ya mutu ba. Na daɗe ina jinjina wannan hikima, yadda aka buɗe wa mai rai hanya ba tare da an ƙaga wa wanda ya ɓace ƙarshen da babu wanda ya gani ba.

Da na je ƙauyen bayan girbi na karanta mata wannan hukunci. Ta daɗe tana tsintar tsakuwa a cikin wake ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “Yaya, in na kai ƙara, me zan ce wa yaron?” Na ce ba sai an ce masa komai ba, hukuncin bai ce babansa ya mutu ba. Ta ce surukarta za ta ce ta yi wa ɗanta fatan mutuwa. Na ce za ta faɗa, kuma za ta daina.

Sai da aka sake wata damina kafin ta yarda. Ni da baffanmu muka raka ta wurin mai gari, daga nan aka tura mu gaba, aka rubuta ranar. Yaron yana aji shida yanzu, kuma idan abokansa suka tambaye shi yakan ce babansa yana Libiya yana gini. Babu wanda ya gyara masa a cikinmu.