Yaron da Muka Yi wa Shiru

Mu malaman makaranta muna da wani hali: duk ɗalibin da ya yi fice sai mu ce namu ne, wanda ya ɓace kuwa sai mu ce ƙaddara ce. Yau muna so mu ba 'yan'uwa marubuta labarin wanda ya ɓace a hannunmu.

Yaro ne ɗan shekara 15, yana zuwa daga wani ƙauye kusa da Dosara a kan tsohon keken mahaifinsa. Babu mai kama ƙafarsa a lissafi. Sai dai muryarsa siririya ce, tafiyarsa da yanga, don haka 'yan ajinsu suka laƙaba masa "ɗan daudu". Mun sha ji, mun kuma sha yin murmushi a ofishin malamai.

Ran nan aka tsinci wata wasiƙa a littafinsa, wadda ya rubuta wa wani abokinsa bai kai ga ba shi ba. Kafin a tashi ta zagaye makaranta. Manyan ɗalibai suka tare shi a bayan aji, suka fasa masa baki. Da muka kira shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi ban san wanda zan gaya wa abin da ke raina ba." Muka ce ya je gida tukuna ƙura ta lafa. Su kuwa masu dukan ko tsawa ba mu yi musu ba.

Bayan mako biyu muka je wurin mahaifinsa. Muka ce, "Baba, a taimaka a dawo mana da shi." Dattijon ya dube mu ya ce, "Malam, da yana hannunku me kuka yi masa?" Muka rasa ta cewa. Daga baya muka ji yana wanke-wanke a wata tasha a Gusau.

Mun san ƙasar da muke ciki. Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, Tarayya kuma ta yi dokar hana auren jinsi a 2014. Tsoron kada a ce muna ɗaure wa abin gindi shi ya rufe mana baki. Amma wace doka ce ta ba yara izinin dukan yaro? Mu ne fa muke karantar da Suratul Hujurati, inda aka hana izgili da jifa da miyagun sunaye da bin diddigin asirin mutane. Yaron nan amana ne aka ba mu, ko mene ne a zuciyarsa.

Tun daga lokacin muka ɗauki alkawari uku: ba a kiran kowa da sunan banza a ajinmu, wanda ya kawo mana sirrinsa za mu saurare shi mu kuma rufa masa asiri, wanda aka daka ba shi ne zai bar makaranta ba.

Ku kuma 'yan'uwa masu alƙalami, a littattafanmu da wasanninmu ɗan daudu ba ya fitowa sai don a yi dariya. Dariyar nan ita ɗalibanmu suke kwasowa su kawo aji. In za ku rubuta shi, ku tuna yana da uwa, yana da suna, wataƙila ma ya fi kowa iya lissafi.

Allah Ya yafe mana, Ya tsare shi a duk inda yake, amin.