Renon Yara A Ɗaka Ranar Ruwa

Jama'a, duk wanda ya zauna ƙasar Katagum ya san in watan Agusta ya kama, kududdufan Azare kan cika maƙil, Kogin Jama'are kuma ya tumbatsa. A lokacin nan babu fargabar da ta fi yaro ya sulale waje ba a gani ba. Ni dai na daɗe ina riƙon jikoki in iyayensu sun tafi gona, na kuwa lura tsawa ba ta zaunar da yaro. Abin yi shi ke zaunar da shi.

Saboda haka tun da kaka nakan ajiye karan dawa. Maza su ɓare shi su haɗa mota, mata su naɗa wa 'yar tsana ƙyalle, ko su yi carafke. In akwai yumɓu sai a gina shanu da 'yan tukwane. Amma wanda bai kai shekara 3 ba, kada a bar masa tsakuwa, baki zai kai. Ƙoƙo da ludayi sun ishe shi kiɗa.

In hannu ya gaji sai kacici-kacici. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kuwa sai dare, don ba a yin ta da rana.

Tun kafin sarauta ta taso daga Katagum zuwa Azare cikin 1916 kakanninmu ke reno haka. Yau sai a miƙa wa yaro waya a juya baya. Lalle zai yi shiru, amma wa zai koya masa magana?