Ziyarar Gidan Ƙona Gawa a Landan

A arewacin Landan akwai unguwar Golders Green, inda wani gidan ƙona gawa yake aiki tun 1902. Wanda ya kai ni can Bahaushe ne Kirista, ɗan ƙasar Ƙanƙara, ya girme ni, ya kuma daɗe yana aikin jinya a Ingila. Ni mutumin Faskari ne, na taso ina jin ana cewa Turawa ƙona mamatansu suke yi, shi ya sa na matsa masa sai na gani da idona.

Ginin na jan bulo ne, bayansa lambu mai faɗi cike da furanni, gindinsu akwai ƙananan alluna ɗauke da sunayen mamata. A ciki akwai ɗakunan addu'a. Ana shigo da akwatin gawa, limamin coci ya yi karatu, a yi waƙa, sannan akwatin ya shige ciki. Wutar tana kai zafin digiri 800 zuwa 1,000, cikin kamar sa'a ɗaya da rabi an gama. Daga baya iyali su karɓi tokar a ɗan tulu.

Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Yaya, addininku ne ya ce a yi haka?" Ya girgiza kai ya ce, "Ƙanena, asalinmu binnewa ce. A kabari aka sa Yesu Almasihu, kuma Ibrahim sayen kogon Makfela ya yi domin ya binne Saratu."

Tarihi ya gaskata shi. Kiristocin farko na birnin Rum, a zamanin da ƙona gawa yake al'ada, ramuka suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa suna ajiye mamatansu. Dalilinsu imani da tashin matattu. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korintiyawa, ya kwatanta gawa da irin shuka, wanda sai ya shiga ƙasa kafin ya tsiro. Manomin dawa a Sabuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan.

Sauyin ya zo ne a ƙarni na 19, lokacin da biranen Turai suka cika, makabartu suka ƙure, likitoci suka fara kukan cututtuka. A 1885 aka fara ƙona gawa a garin Woking na Ingila, majalisar dokokin ƙasar ta tsara abin a 1902. Cocin Katolika ya haramta a 1886, sai a 1963 ya sassauta, bisa sharaɗin kada a yi don musun tashin matattu. A 2016 fadar Fafaroma ta jaddada cewa binnewa ta fi, kuma idan an ƙona, a ajiye tokar a wuri mai tsarki, ba a warwatsa ta, ba a ajiye ta a gida. Cocin Otodoks bai yarda ba har yau. Waɗanda suka yarda hujjarsu ita ce, wanda ya halicci mutum daga ƙasa ba zai gaza tara toka ba. Yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na mamatan Birtaniya ƙona su ake yi, musamman saboda tsadar kabari.

A Afirka kuwa zuciya ba ta karɓa ba. Sai dai Legas ta yi dokar da ta ba mai so izini a 2013. A Laberiya, da gwamnati ta tilasta ƙonawa a Monrobiya lokacin Ebola a 2014, wasu sun riƙa ɓoye majinyatansu, har aka janye umarnin kafin shekarar ta ƙare.

Kiristocin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, da yawansu jikokin Maguzawa, 'yan ECWA ne ko Katolika ko Angilikan, binnewa suke yi kamar maƙwabtansu Musulmi. A yi addu'a da Hausa, a kai mamaci makwancinsa, a zauna karɓar ta'aziyya. Abokina ya bar wa 'ya'yansa wasiyya cewa ko nawa za a kashe, a mayar da shi ƙauyensu. Damuwarsa ita ce ko hanyar za ta biyu, domin shekarun nan na 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu da kaburburan iyayensu, wani lokaci ma jana'iza sai da rakiyar jami'an tsaro.

Mutanen Ingila ba su farka rana ɗaya sun tsani kabari ba, ƙarancin fili ne da tsada suka tura su. Mu ma garuruwanmu girma suke yi, masu yanka filaye suna cin gefen makabartu. Ya kamata ƙananan hukumominmu uku su ware wa Musulmi da Kirista filayen makabarta tun yanzu, su kewaye su da katanga, su ba kowacce takardar mallaka.