Ƙaramar Jif Mai Babban Suna

A ƙasar Hausa kowace mota da irin matsayin da takan ba mai ita. Mu da muka tashi a shekarun 1970 da 1980 mun san Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, ita ce motar babban ma'aikaci. Marsandi ta attajiri ce, Bitil ta malamin makarantar da ya fara tara abin kansa, Landiroba kuwa ta malaman gona ce da masu allurar shanu. Da aka shigo da shirin nan na tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai muka koma ga tsofaffin motocin Turai da Amurka, waɗanda wasu ke kira 'yan Kwatano, wasu Beljiyam, mutanen Kudu kuma su ce tokumbo. A cikin waɗannan ne wata irin mota ta shigo mana wadda har yau jama'a ba su san inda za su ajiye mai ita ba, wato ƙaramar jif.

A wurinmu duk motar da ta ɗaga daga ƙasa jif ce, ko da yake asalin sunan na wata motar Amurka ce guda ɗaya. To amma jif suna ta tara. Akwai manya irin su Land Cruiser da Prado, na gwamnoni da sarakuna, akwai kuma ƙannensu. Kamfanin Toyota ya fito da RAV4 a 1994, Honda ya biyo baya da CR-V a 1995, dukkansu a Japan. Dabarar masu ƙera su ita ce a ɗauki ginin ƙaramar mota ta gida, a ɗaga ta sama, a faɗaɗa mata baya, a kuma ba wasunsu ikon ja da ƙafa huɗu in hali ya yi. Saboda haka a ciki ƙanwar Civic ce ko Corolla, a waje kuwa sai ka ce 'yar gidan sarauta. Wannan bambanci tsakanin cikinta da wajenta shi ne labarin zamana da ita.

Ni malamin makaranta ne a Kano, kuma abin da ya kai ni ga jif hanya ce. Ƙauyenmu yana da nisan kilomita 14 daga kwalta, hanyar burji ce mai ratsa fadama biyu. Da rani kowace mota tana shiga, amma daga watan Yuli zuwa Satumba ƙaramar mota ba ta isa ba, sai dai babur ko amalanken shanu. Mahaifiyata tana can, ta ƙi zaman birni, ga shi kuwa hawan jini ya sa dole a riƙa kai ta asibiti duk wata. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa a bayan babur cikin taɓo, ana riƙe da ita kamar buhun gero, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A 2015 na haɗa kuɗin adashe da rancen ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikata da abin da na samu daga tsohuwar motata, na shiga neman CR-V ƙirar 2005. Ban tafi ni kaɗai ba, na ɗauki bakanikena, mutumin da ya shekara ashirin yana kwance a ƙarƙashin motocin Japan. Wurin wani dillali muka fara zuwa, ya nuna mana wata baƙa mai sheƙi, yana rantsuwa wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci. Bakanike bai tanka ba. Ya ɗaga kafet, ya shinshina, ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa, ya leƙa ƙarƙashin kujeru da tocila. Sannan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, wannan ta sha ruwa har wuya. Ka ga tsatsa a ƙusoshin kujera, ga busasshiyar laka a bel. Kowane dillali da tsohuwar Baturiyarsa."

A ranar na fahimci yadda kasuwar take. Da yawa daga cikin motocin da ke zuwa mana daga Amurka kamfanonin inshora ne suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya, irin wadda guguwar Katrina ta haddasa a 2005 da ta Sandy a 2012. A gyara bodi, a yi fenti, a sako su jirgin ruwa. Wadda ta yi haɗari ana iya gyara ta ta zauna lafiya, amma wadda ta nutse a ruwa wayoyinta za su yi ta cin mai ita sannu a hankali kamar gara. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da ita ana iya bin tarihinta ta intanet. Agogon tafiyar motocin Amurka da mil yake lissafi, mil ɗaya kuwa ya fi kilomita ɗaya da rabi, wasu ma sukan mai da shi baya. Sai kuma abin da makanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda akan sace saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Mota ta huɗu da muka duba ita muka saya, ruwan toka, da safaya goye a ƙofar baya. Muka tabbatar da takardun kwastan kafin a ƙirga ko sisi. Ta Kwatano ta shigo, domin a lokacin ba a hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa ba, sai a watan Janairun 2017 wannan doka ta fara aiki.

In don aikin da na saye ta dominsa ne, alhamdu lillahi, ba ta ba ni kunya ba. Tsakanin cikinta da ƙasa akwai kusan santimita 20, abin da ya sa take tsallake ramukan da ke fasa wa ƙananan motoci tankin baƙin mai. A kan kwalta ƙafafun gaba ne kaɗai ke ja, sai sun fara sulɓi sannan na baya su kama da kansu, ba tare da direba ya taɓa komai ba. Wannan ya isa fadamarmu, amma bai isa mutum ya ɗauka yana cikin Landiroba ya faɗa kogi ba, ko da ya ga jif a rubuce a zukatan mutane. Kayan gyaranta kuwa ba sa wuya, duk abin da ka nema akwai shi a Ƙofar Ruwa, sabo da na hannu. Abin da hanya ke ci shi ne shakazoba da robobin ƙafa, kuma tayarta ta fi ta ƙaramar mota tsada nesa ba kusa ba. Ga wani abin dariya, murfin ƙasan but ɗinta tebur ne mai ƙafafu, wai don masu fita shan iska a daji. Mu dai a gidanmu a kansa yara suke yin aikin makaranta.

Wahalar da ba a rubuta ta a takardar ciniki ba ita ce ta suna. Ranar da na fara shiga ƙauye da ita, kafin in kashe inji yara sun kai labari cewa ɗan gidan Liman ya zama babban mutum. Kawuna ya zagaya ta sau biyu, ya dafa safayar nan ta baya, ya ce, "Ɗan nan, ashe Allah Ya yi maka buɗi haka ba mu sani ba?" Na ce, "Kawu, tsohuwa ce, shekararta goma, kuma rabin kuɗinta bashi ne." Ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Haka ake so, mai arziki ba ya faɗa da bakinsa."

Tun daga ranar lissafi ya canja. Gudummawar da nake bayarwa a biki da suna, wadda da ake karɓa da godiya, sai ta koma abin taɓe baki. Mai faci ya ƙara mini kuɗin iska, mai tumatir a bakin hanya ya ninka farashi tun kafin in sauke gilashi, maroƙa kuma suka ƙara mini Alhaji ban je Makka ba. A shingayen kan hanya ni ake tsayarwa a bar mai Golf ya wuce, alhali wataƙila shi ɗan kasuwa ne da zai iya sayena da motar gaba ɗaya. Da sace mutane don kuɗin fansa ya yawaita a hanyoyin Arewa, sai wannan suna ya tashi daga abin dariya ya koma abin tsoro, domin ɗan bindiga ba ya tambayar shekarar da aka ƙera mota, tsayinta yake kallo. Uwargida ta ce, "Malam, don Allah ka bar wanke ta in za ka ƙauye." Na bi shawararta, ƙura ta zama mana rigar sulke.

Sai kuma batun mai. Tankinta lita 58 yake ci. Shekarar da na saye ta ana sayar da lita naira 87, wato da naira dubu biyar da 'yan kai na cika shi. A 2016 lita ta koma 145, muka yi ƙorafi muka saba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ke nan cika tanki ɗaya ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a wannan shekara. A cikin gari da ƙyar lita ɗaya take kai ni kilomita 8. Abokan aikina da dama suka sayar da nasu, wasu suka jingine su a kan duwatsu suka koma Adaidaita Sahu. Dillalai suka riƙa yi mini sallama, suna tayin kuɗin da ya ninka abin da na saye ta, saboda faɗuwar naira ta sa tsohuwar mota ta zama kadara kamar fili.

Na zauna na yi lissafi da biro da takarda, lissafin kuma bai goyi bayan motar ba. Da na kai wa mahaifiyata maganar, ita da ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, sai ta ce, "Kai wannan, kafin ka sayar ka ƙirga mata nawa ta kai asibiti." Na ƙirga. Ban da ita kanta, mata bakwai ne masu naƙuda motar ta fitar daga ƙauyenmu cikin damina, da yaro ɗaya da maciji ya sara, da gawa biyu da aka mayar gida. Mutanen da suka ɗora mini sunan mai arziki su ne dai suka mai da ita motar asibitin gari, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa tambayata kuɗin lita. Na tarar nauyin da tsayin motar ya jawo mini da amfanin da ya kawo a igiya ɗaya suke ɗaure, ba yadda za a yi in kwance ɗaya in bar ɗaya.

Shawarar da muka yanke ita ce ta zauna, amma ta bar zuwa makaranta. Yanzu babur nake hawa zuwa aiki, ita kuwa tana lulluɓe a zaure sai ranar asibiti ko ranar da waya ta yi ƙara daga ƙauye. Maƙwabta na cewa Malam ya karye, mutanen ƙauye na cewa Malam ya iya ɓoye dukiya, kowa da abin da idonsa ya nuna masa.

Ga mai karatu da ke sha'awar irin wannan mota, abin da zan ce kaɗan ne. Ka fara duba hanyar da kake bi kullum. In daga gida sai ofis ne a kan kwalta, ƙaramar mota ta ishe ka, za ta rage maka kuɗin mai da na taya da idon jama'a. In kuwa kana da fadamar da za ka ratsa da tsohuwar da za ka ɗauko, to saye ta, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ka duba takardu, ka kuma shirya wa sunan da za a ba ka, don shi ma yana da nasa kuɗin mai. Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu da sharrin hanya, Ya kuma kawo ranar da kwalta za ta isa ƙauyukanmu, amin.