ZARE: Kafin ka zuba kuɗinka a robar BCAA, tsaya ka ji

1/ Masu ɗaga ƙarfe da masu fama da tumbi, ku matso kusa. Yau maganar garin nan na BCAA za mu yi, wanda ake ta tallarsa a Instagram da TikTok wai yana gina ƙwanji kuma yana narka kitse. Shekarata shida ina ɗaga ƙarfe, kuma babu tambayar da ake yawan yi min kamar wannan. Zaren da ɗan tsayi, a yi haƙuri.

2/ Mu faro daga tushe. Furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, ƙwai da wake, idan ya shiga ciki sai jiki ya farfasa shi zuwa ƙananan guntaye da ake kira amino asid. Iri 20 ne. Guda 11 jiki yana haɗa abinsa da kansa. Guda 9 kuwa ba ya iyawa, dole sai ta baki.

3/ To shi BCAA ɗin nan, uku ne kacal daga cikin taran: lusin, aisolusin da balin. Lambar 2:1:1 da kake gani a jikin robar, rabon waɗannan ukun ne. Kuma gaskiya lusin ba ƙaramin abu ba ne, shi ke ba tsoka umarnin ta fara gini. A nan masu talla suka samu abin kamawa.

4/ Amma fa umarni ba ya gini. Ka ɗauka shugaban magina ya zo fili yana ta ihun "a fara aiki", alhali bulo kawai aka sauke, babu siminti babu yashi. Tsoka sai da duka taran take ginuwa. In ka ba ta uku, sauran shidan daga naman jikinka za a ciro su. An rushe katangar baya an ɗora ta gaba ke nan.

5/ Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. A 2017 wani masani ɗan Amurka, Robert Wolfe, ya bi diddigin binciken da aka yi a kan mutane, ya kammala da cewa da'awar BCAA shi kaɗai yana gina tsoka ba ta da madogara.

6/ To me ke aiki? A 2018 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar McMaster ta Kanada suka tattara bincike 49 da aka yi a kan mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe. Suka ga amfanin furotin yana ƙaruwa har zuwa wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinka a rana. Daga nan, ƙarin ba ya ƙara wani abin kirki.

7/ Yi lissafinka. In kilo 70 kake, wajen giram 112 kake nema a yini. Cokali ɗaya na BCAA yawanci giram 5 zuwa 7 ne, kuma bai cika ba. Ƙwai ɗaya tal yana da wajen giram 6, da duka taran a ciki, har da lusin ɗin da ake kuranta wa.

8/ Abin da ya sa raina yake ɓaci ke nan. Akwai wani yaro ɗalibi da muke atisaye tare, siriri, mai ƙwazo. Sai na lura yana yawan yin jiri a tsakiyar atisaye. Da na matsa masa, ashe karin safe ya daina, yana tara kuɗin sayen roba. Na ce masa, ƙanena, kuɗin robar nan kiret nawa na ƙwai zai saya? Ya yi shiru yana lissafi, sai ya fashe da dariya.

9/ Ba shi kaɗai ba ne. Mun taso muna raina abincin gida, muna ganin abin da ya zo a roba mai ƙyalli da rubutun Turanci ya fi. Alhali busasshen waken suya da ake awara da shi yana da wajen giram 36 na furotin a giram 100. Farin wake wajen 23. Gyaɗa wajen 25. Ga kifi, ga kindirmo, ga ƙuli-ƙuli.

10/ Wani abin burgewa: hatsi irin shinkafa, gero da masara suna da ƙarancin wani amino asid mai suna laisin, wake kuma yana da shi sosai. Shi waken yana da ƙarancin metayonin, hatsi ya fi shi. Ka ga garau-garau, ko koko da ƙosai, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Iyayenmu ba su san sunayen nan ba, amma sun iya haɗi.

11/ Sai batun kitse. 'Yan'uwa mata, ku ma na san ana tallata muku. Amino asid ba ya narka kitse. Shi kansa abinci ne mai kalori. Kitse yana sauka ne idan abin da jiki ke ƙonawa ya fi abin da ake ci, na tsawon makonni. Cin isasshen furotin yana taimakawa saboda yana riƙe ciki, yana kuma kare tsoka. Amma ka sha garinka ka kora da lemon kwalba uku, tumbi yana nan daram.

12/ Abin tsoron ma bai wuce abin da ba a rubuta a jikin robar ba. A Amurka, inda da yawan kayan nan suke fitowa, dokar 1994 ba ta wajabta wa kamfani samun amincewar hukumar FDA kafin ya kai irin wannan kaya kasuwa ba. A 2004 wani ɗakin gwaji a Jamus ya wallafa sakamakon gwada kaya 634 daga ƙasashe 13: kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran siteroid da ba a ambata ba.

13/ To ina ga wanda aka ɗura maka a leda, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa? Hanta da ƙoda fa ba kayan gyaran mota ba ne. Mai ciwon ƙoda, mai ciki, da wanda ke kan magani, kada a sha komai sai an ga likita.

14/ Kada a ce na yi wa kowane gari kuɗin goro. Garin furotin na madara cikakke ne, yana da amfani ga wanda abinci bai isar masa ba. Kiriyatin ma, giram 3 zuwa 5 a rana, yana cikin waɗanda aka fi tabbatar da amfaninsu wajen ƙarfi. Amma dukansu ƙari ne a kan abinci, ba madadinsa ba.

15/ Ni dai tsarina: ƙarfe sau uku zuwa huɗu a mako ina ƙara nauyi a hankali, furotin a kowane cin abinci, barci awa bakwai zuwa takwas. Ba ya daɗin talla, kuma wata da watanni yake ɗauka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

16/ In kuɗinka kaɗan ne, kai su wajen mai ƙwai da mai awara. Tura wa abokin nan naka da ke shirin yin oda a daren nan. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, zan bi ɗaya bayan ɗaya.