Motar Kara, Motar Rimot da Rairayin Gagarawa

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Gumel, ko a cikin Gumel ɗin ne, ko Maigatari, ko Sule Tankarkar, ko kuwa garinmu Gagarawa, ya san cewa kaka ba ta manya kaɗai ba ce. Da zarar an yanke gero da dawa an ɗaure dammuna, sai a bar kara zube a gona, mu kuwa a wurinmu wannan kara shi ne ƙarfe, shi ne katako, shi ne kuma jari. Mukan zaɓi sille mai kyau mu ɓare shi da reza, mu yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, sa'an nan mu yi ta soka ɓawon cikin totuwar har sai mota ta tashi da kanta da bodinta. Taya kuwa, ko dai a goge sakaina a dutse har ta yi da'ira, ko a yanka tsohon silifa. Wanda ya ƙware ya wuce nan sai ya koma langa-langa da gwangwanin madara, ya ƙera tirela irin waɗanda ke kwasar shanu daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ba mu taɓa jefar da mota don ta lalace ba. In taya ta fita a yanko wata, in gaba ya karye gona tana nan kusa.

A shekarar 2010, ina ɗan shekara goma, Kawuna ya dawo daga aikin Hajji ya kawo mini tsarabar da ta raba ni da kara. Wata jar mota ce mai sheƙi, tana da rimot mai doguwar eriya kamar ta rediyo, an rubuta 27 MHz a gindinta. Ran nan yaran unguwarmu kaf suka watsar da motocinsu suka biyo ni. A kan simintin ɗakin Baba kam ta yi abin a zo a gani. Amma da muka fita da ita ƙofar gida, sai ta yi taku biyu ta tsaya cik, tayoyin baya suna ta juyawa suna haƙa wa kansu rami, tana kuka kamar sauro. Ba ta yi mako guda ba ta mutu. Na fasa ta da dutse na ciro ɗan injin da ke ciki, na yi ta ajiyarsa a gwangwani har ya ɓata. Daga nan kuma sai makarantar kwana, sai girma, sai kunya. Ban sake taɓa motar wasa ba har shekara goma sha biyu.

Abin da ya komo da ni shi ne zaman banza. Dukanmu muna tune da yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda aka fara a watan Fabrairu ba a janye ba sai a Oktoba. Wata takwas ina gida, in an taso daga gona ba abin yi sai latsa waya. A nan ne na yi kiciɓis da hotunan bidiyo na manyan mutane, wasu har da furfura, suna tuƙa 'yan motocin rimot a kan tuddan yashi da duwatsu, ƙura tana tashi a bayansu. Ashe abin nan da muka ɗauka na yara ne, a Amurka da Turai da Japan sana'a ce mai kamfanoni da gasa. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da motarsa ta rimot ta farko a 1976, a 1984 kuma ya fitar da wata mai suna Grasshopper, watau fara, wadda aka yi musamman don sababbin shiga masu son gudu a kan ƙasa. Traxxas na Amurka ya biyo baya a 1986. Masu araha kuwa, irin su WLtoys, daga Shantou suke fitowa a ƙasar Sin, garin da ya shahara wajen ƙera kayan wasa. Sai na ji tsohon miki ya tashi.

Na yi gaggawa, gaggawa kuwa aikin Shaiɗan ce. Da na shiga Kano sai na faɗa wani kantin kayan wasa, na ga wata mota mai manyan tayoyi baƙaƙe, a jikin kwalinta an zana ta tana tsallake dutse. Mai kantin ya ce, "Ɗan makaranta, wannan ko Sahara ka kai ta sai ta ratsa." Na ƙirga masa naira dubu goma sha biyu, kuɗin da na tara daga aikin ƙodago. Ta fi ta Kawu daɗewa, domin ta yi kwana goma sha ɗaya. Ran na sha biyu tana cikin tafiya sai na ji ƙarar ta sake, injin yana gudu amma mota tana tsaye.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a garinmu, wanda zamani ya tilasta wa koyon gyaran tocila da fanka da cajar waya. Shi na kai wa. Ya juya ta, ya nemi inda zai sa sukudireba, ya rasa, domin rabin jikinta manne yake da gam. Da ƙyar ya ɓalle ta. Ya kira ni ya nuna mini wata 'yar giya ta roba wadda ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, haƙoranta duk sun cinye, yashi ya dame da man da ke ciki ya zama kamar dutsen niƙa. Na ce, "Baba, a sake wata mana." Ya yi dariya ya ce, "Yaro, a ina? Wanda ya yi wannan bai yi ta don a gyara ba, ya yi ta ne don ka sayi wata." Ya miƙo mini gawar a leda, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Wannan magana ta dattijon ita ce ta sa na zauna na yi wa abin karatun ta-natsu, irin wanda malamanmu ke cewa ba ma yi wa nahawu. Na gane cewa motocin nan iri biyu ne, ko da yake a ido duk ɗaya suke. Akwai ta wasan yara zalla, wadda aka haɗa dukan kayan lantarkinta a kan allo guda, aka manne jikinta, in abu ɗaya ya mutu duka ta mutu. Akwai kuma wadda aka ɗaure da sukurori, kowane sashe nata yana da lamba, ana kuma sayar da shi daban: giya, hannun taya, sifirin, da ɗan injin da ke juya sitiyari. Banbancin ya kai har ga tuƙi. Ta farkon ba ta san sannu ba, in ka danna sai ta zabura da dukan ƙarfinta, in ka karya kwana sai ta karya gaba ɗaya. Ta biyun kuwa gwargwadon yadda ka ja kunamar rimot gwargwadon gudunta.

Mai karatu zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, a kan kwalta ƙarami ne, amma mu sunan jiharmu ma daga ƙasar ya samo asali, domin jigawa ita ce tudun rairayi. Duk direban da ya saba shiga ƙauyukanmu da rani ya san cewa yashi ba ya son fushi. In ka taka mai da ƙarfi sai taya ta haƙa, mota ta zauna a kan cikinta. Sai dai a lallaɓa, wani lokaci har a rage wa taya iska don ta baje. Hukuncin babbar mota shi ne na ƙarama. Saboda haka gudun da ake rubutawa da manyan lambobi a jikin kwali, wanda shi ne ke ruɗin mai saye, shi ne abu na ƙarshe da ɗan Gagarawa ya kamata ya duba. Abin da zai tambaya shi ne, shin duka tayoyi huɗun ne ke ja ko biyu, tayar roba ce mai laushi da faɗi ko busasshen filastik, cikin motar ya ɗaga daga ƙasa ko yana jan ciki, kuma gidan giyar a rufe yake ko yashi zai sami ƙofa. Ƙaya kam ba ta dame ni ba, domin soso ne a cikin tayoyin ba iska ba, tsidau ya yi ta sukarsa. Ƙarangiya ce dai ke naɗewa a gindin taya, sai an bi ta da tsinke.

Sai maganar batir, wadda a wurinmu ta fi ta inji nauyi. Masu wannan harka a ƙasashen waje sun fi son wani batir mai laushi kamar ƙunshin alewa, wanda suke kira LiPo, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Amma yana son caja ta musamman, ba ya son zafi, in aka yi masa ganganci yakan kumbura har ya kama da wuta. Ni kuwa na san zafin Afrilu a garinmu, na san kuma a shagon mai sola zan riƙa caji tare da wayoyin mutane hamsin. Sai na ƙudurta cewa ba zan sayi mota ba sai mai cin batirin nan dogo mai kama da gaɓar rake, wanda ake kira 18650. Kowane ɗaya volt 3.7 ne, biyu su ba da 7.4, shi ne kuma ke cikin tsofaffin batiran kwamfuta da manyan tociloli, watau ko a Gumel ba za a rasa shi ba wurin masu gyara. Haka nan na haƙura da sabon samfurin inji marar burushi, wanda ya fi gudu da daɗewa amma ya fi tsada, na zaɓi tsohon samfuri, wanda in ya ƙone dattijon nan zai iya cire shi ya liƙa wani da dalma.

Sanin abin da kake so daban, samun kuɗinsa daban. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ake saya ƙasa da naira ɗari biyar a farashin hukuma ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar a 2024. Duk abin da ke zuwa daga Sin sai ya yi fiffike. Motar da na sa wa ido sabuwa a kwali ta tasam ma kuɗin rajistata na shekara. Na yi lissafi a bayan littafin Tarihin Adabi har sau uku, bai fita ba.

Gwanjo ne ya cece ni. Wani ɗalibi a sashen injiniya yana da wata, girmanta kashi ɗaya cikin goma sha shida na babbar mota, tayoyi huɗu duk suna ja, rimot ɗinta kuma na zamani ne mai 2.4 GHz, wanda ba ya rikicewa ko da mota goma ke gudu wuri guda. Bodinta ya tsage, sitiyarinta ya mutu, shi kuma yana neman kuɗin aikinsa na ƙarshe. Kafin mu yi ciniki sai na roƙe shi ya kwance ta a gabana. Sukurori goma sha wani abu ya cire, komai ya fito fili, ba gam ko ɗigo. Na duba a waya na ga ana sayar da kayan gyaranta ɗaya-ɗaya. A nan na yanke shawara, tun ban ji kuɗin ba.

Kuɗin kuwa na riɗi ne. Baba yakan yankar mini ɗan gefe a gonarsa in noma abin da zan rage hidimar makaranta da shi, a kakar 2024 kuma riɗin ya yi kyau. Ban iya ɓoye masa ba, domin a gabansa aka auna. Da na gaya masa abin da zan yi da kashi ɗaya na kuɗin, ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Sa'o'inka suna neman kuɗin aure, kai kana neman motar wasa. Wannan shi ne abin da ake koya muku a jami'ar?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, a yi haƙuri." Ban da wata hujja da zan ba shi, har yau kuma ban tabbata ina da ita ba. Inna ce ta sa baki daga bayan ƙyaure, ta ce ai gara wannan da zaman majalisa. Bai ce ya yarda ba, bai kuma hana ba. Zangon nan na sha garin kwaki fiye da yadda na saba, littafi biyu kuma sai aro na yi.

Sai da na jira mako biyar kafin ɗan injin sitiyarin ya iso Kano. Ni da dattijon muka ɗaura shi, muka ɗinke bodin da wayar kwano, muka yanka tsohuwar safa muka rufe kafofin da ƙura ke shiga. Da la'asar na ɗauke ta na nufi fili wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, a kan layin nan na Kano zuwa Nguru da aka gama a 1930, inda yashi ya fi zurfi. Na ja kunamar a hankali. Ta ɗan nutse, ta yi kamar za ta zauna, sai kuma ta ɗago ta hau kan yashin ta miƙe, tana barin sawu biyu a bayanta. Ban san lokacin da na yi ihu ba, ni da gemuna.

Yara suka taru kamar yadda suka taru a 2010. Abin da na lura da shi, wanda kuma ya ɗan sanyaya mini jiki, shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zo jaye da motar kara, alhali kuwa kaka ce, ga kara nan zube ko'ina. Na tambayi ƙanena, ɗan shekara goma sha ɗaya, ko ya iya ƙerawa. Ya ce, "Yaya, ai wannan wasan 'yan da ne." A ajinmu na Al'adu mun yi langa, mun yi tashe, mun yi 'yartsana, ban tuna mun tsaya a kan motar kara ba, ga shi tana neman ta shige ba a rubuta ko sunayen sassanta ba.

Sai na kafa masa sharaɗi, cewa ba zai taɓa rimot ba sai ya iya kwance gidan giya ya share yashi da tsohon burushin haƙori ya mayar. Ya yi ƙunƙuni, amma cikin kwana uku ya iya, har ya fi ni saurin gane sukurun da ya yi gajere. Ranar da zan komo makaranta na bar masa motar da sukudireba da batir biyu, na kuma ba shi ledar nan mai gawar motar dubu goma sha biyu, na ce ya yi abin da ya ga dama da ita.

Makon jiya ya kira ni da wayar Inna. Ya ce ya ciro injin tsohuwar ya ɗaura a wata tirela da ya yi da kara da silifa, tana tafiya amma ba ta karya kwana, kuma Baba ya tsaya ya kalla har ya ce tayar baya ta karkace. Sa'an nan ya yi shiru, ya ce kuma babbar tana wata ƙara a gaba. Na ce kada ya taɓa, ya bari sai na zo hutu. Ya ce, "Yaya, ai na riga na kwance ta."