Gatan Da Ya Kusa Kwantar Da Baba

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ban san nauyin wannan magana ba sai da ciwo ya kama mahaifina.

Da na je hutu bara, na tarar da Baba ƙafafu a kumbure, daga ɗaki zuwa zaure sai haki. Likita ya ce hawan jini ne ya gajiyar da zuciyarsa, har ta kasa tura jini yadda ya kamata. Nan da nan muka kafa masa doka: buta a kawo masa, masallaci a hana shi. Ko tabarma ya ɗauka sai Inna ta ce, “Malam, ajiye!” Mu a ganinmu gata ne.

Bayan magani ya kama shi, kumburin ya saɓe, muka koma asibiti. Likita ya tambaya ko Baba yana ɗan tattaki. Na yi farat na ce, “Ai ba ma barinsa.” Ya girgiza kai, ya ce a da likitoci ma kwanciya suke sa masu irin wannan ciwo, amma an gano kuskure ne. Yawan kwanciya na sa tsokar ƙafa ta saki, aiki kaɗan ya sa mutum haki. Ya ce wani bincike da aka buga a 2009 kan mutum 2,331 a Amurka da Kanada da Faransa ya nuna motsa jiki ba ya cutar da wanda ciwonsa ya lafa, har yana ɗan rage komawa gadon asibiti.

Ya ce Baba ya fara da minti 5, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har 30. Ya yi tafiyar da zai iya hira cikinta. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji, ko kumburi ya dawo, ya tsaya a zo asibiti. Magani kuwa ba fashi, gishiri da kanwa a rage.

Ranar farko na raka shi bakin lungu gabana na faɗuwa. Kafin in dawo makaranta, da ƙafarsa yake zuwa sallar asuba.

To, ’yan’uwa ɗalibai, in kuna da irin wannan majinyaci a gida, kada tausayi ya sa ku ɗaure shi a gado. Ku tambayi likita tukuna, in ya yarda, ku kama hannunsa ku taka tare. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.